Kagaran Urushalima: Abin da Garu Ya Iya da Abin da Ya Kasa

Wanda ya taɓa hawa Garu, tsohon garin Dutse, ba ya bukatar dogon bayani a kan ma'anar kagara. Mutanen dā ba don sha'awar hawa suka kafa gari a tsakanin duwatsun nan ba. Dutse ya tare musu wani gefe, suka ja ganuwa a inda bai tare ba, suka bar ƙofofin da za a iya rufewa. Haka Urushalima ta soma.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Tun bayan rikicin watan Satumba na 2006, da aka ƙona majami'u a Dutse, maganar katanga da ƙofar ƙarfe da mai gadi ba ta fita daga bakin dattawan ikilisiya ba. Wasu suna ganin gina katanga rashin bangaskiya ne. Wasu kuwa sun ɗora dukan zuciyarsu a kanta. Mai hidima zai zauna tsakanin waɗannan mutane biyu, don haka ya kamata ya san abin da ya faru da kagaran birnin Dawuda.

Kagarar Sihiyona

Urushalima ta farko ƙaramin gari ce a kan siririn tudu. Kwarin Kidron yana gabas da ita, wani kwari yana yamma, su biyun suka haɗu da Kwarin Hinnom a kudu. Arewa ce kaɗai ba ta da kwari, shi ya sa yawancin maharan da suka ci birnin ta can suka bi. Abin da ya kafa garin a wurin shi ne maɓuɓɓugar Gihon da ke gindin tudun.

Yebusiyawa ne mazaunanta. Sun amince da wurinsu har suka yi wa Dawuda ba'a cewa ko makafi da guragu za su hana shi shiga (2 Sama'ila 5:6-9). Wajen shekara ta 1000 kafin haihuwar Almasihu Dawuda ya ci kagarar, Yowab ne kuma ya fara hawa (1 Tarihi 11:6). Malamai da yawa suna fahimtar ayar da cewa ta hanyar ruwa aka shiga. Idan haka ne, abin da ya rayar da garin shi ne ya buɗe shi.

Sulemanu ya gina Millo da garun birnin. Wasu masu binciken tarihi ta hanyar tono suna ganin jerin duwatsun nan mai hawa-hawa da aka tono a gabashin tudun shi ne Millo. Amma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye yadda aka yi aikin ba: da aikin tilas ne (1 Sarakuna 9:15). A wurin wannan gini Sulemanu ya lura da ƙwazon Yerobowam, ya naɗa shi shugaban masu aikin tilas na gidan Yusufu (1 Sarakuna 11:27-28). Wannan mutum ne daga baya ya janye kabilu goma. Garun ya yi ƙarfi, mulkin ya tsage daga ciki.

Garun Hezekiya da ruwansa

Sarakunan Yahuza sun yi ta gyara da ƙari. Yehowash, sarkin Isra'ila, ya rushe kamu 400 na garun (2 Sarakuna 14:13). Azariya, wato Uzziya, ya gina hasumiyoyi a ƙofofi, Yotam ya yi gini mai yawa a garun Ofel. Amma babban aikin na Hezekiya ne, lokacin da Sennakerib na Assuriya ya taso a shekara ta 701.

Hezekiya ya yi abu biyu. Ya ja sabon garu don ya kare unguwannin da suka bazu a tudun yamma. A 1970 Nahman Avigad ya tono wani sashe nasa, kaurinsa ya kai mita 7, ya kuma tarar an gina shi a kan tushen gidajen mutane, daidai da abin da Ishaya 22:10 ya faɗa. Na biyu, ya haƙa rami cikin dutse, tsawonsa mita 533, ya jawo ruwan Gihon zuwa tafkin Siluwam a cikin garu (2 Tarihi 32:30). Rubutun da aka gano a bangon ramin a 1880, wanda yanzu yake Istanbul, ya ba da labarin yadda mahaƙa suka taso daga gefe biyu suka haɗu a tsakiya.

Sennakerib ya rubuta cewa ya ci birane 46 masu garu a Yahuza, ya kuma kulle Hezekiya kamar tsuntsu a keji. Bai ce ya ci Urushalima ba. Lakish, wadda ita ma take da garu mai ƙarfi, ta faɗi. A lura da tsautawar Ishaya 22:8-11: annabin ya lissafta makamai da gidajen da aka ƙirga da tafkin da aka yi, amma laifin da ya kama mutanen da shi shi ne ba su dubi Mahaliccin birnin ba. Hezekiya kansa, bayan ya gama gini, ya ɗauki wasiƙar barazanar ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji (2 Sarakuna 19:14).

Ranar da garu ya kasa

Wannan ceto ya zama tarko ga jikoki. Suka ɗauka birnin da Haikali yake ciki ba ya ciwuwa, ko yaya suka yi da maraya da gwauruwa da baƙo. Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikali ya ƙaryata wannan tunani (Irmiya 7). A shekara ta 586, bayan Babila ta kewaye birnin kimanin shekara ɗaya da rabi, yunwa ta gama da mutane, aka huda garun, aka ƙone Haikali, aka rushe garun kewaye (2 Sarakuna 25). Garun Hezekiya yana nan a lokacin, ruwan yana gudu. Mutanen ciki ne suka sāke.

Mu ma muna da misali a kusa. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma ta, ta tsare birnin ɗaruruwan shekaru. A watan Fabrairu na 1903 igwar Turawa ta huda ta a yini guda. Kowane garu an gina shi ne domin makamin zamaninsa.

Nehemiya

Nehemiya ya zo a shekara ta 445, aka gama garun cikin kwana 52 (Nehemiya 6:15). Sura ta 3 ta nuna mutane da yawa suna gyara sashen da ke daura da gidajensu. Ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana (4:9). Amma ana tsakiyar aikin ya tsaya ya saurari kukan talakawan da bashi ya sa suka jinginar da gonakinsu, ya sa manya suka mayar (sura 5). Da ya zo ba da amanar birnin, ya zaɓi Hananiya, shugaban kagara, saboda amincinsa da tsoron Allah (7:2). Sulemanu ya gina garu a kan wuyan jama'a. Nehemiya ya sauke wa jama'a kaya don garun ya tsaya.

Kagaran baƙi

Daga baya an yi kagaran da ba don kare mutanen birnin aka gina su ba, sai don a sa musu ido. Antiyokus na Huɗu ya gina Akra, ya zuba sojoji a ciki, sai a shekara ta 141 Saminu na gidan Makabiyawa ya karɓe ta. Hirudus ya gina Antoniya a kusurwar arewa maso yamma ta filin Haikali, ya sa mata sunan ubangidansa Markus Antoniyus. Daga can sojojin Roma suke leƙa masu sujada.

Duk da haka, sojojin wannan kagara ne suka fizge Bulus daga hannun taron da ke neman kashe shi, a kan matakalarta kuma ya tsaya ya ba da shaida (Ayyukan Manzanni 21:31-40). Bulus bai ƙi kariyar hukuma ba, ya kuma nemi haƙƙinsa a gabanta. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, Titus ya rushe Antoniya da Haikali, kamar yadda Yesu ya faɗa yana kuka (Luka 19:41-44). Garun da masu ziyara suke gani yau Sarkin Turkiyya Sulaiman ne ya gina shi, tsakanin 1537 da 1541.

Ga mai hidima

Ɗan'uwa, idan dattawa suka kawo maganar katanga, kada ka ce musu zunubi ce, domin Hezekiya da Nehemiya sun gina. Amma ka tambaye su abin da tarihin nan ya tambaya. Wa zai ɗauki nauyin kuɗin, kuma ba za a danne gwauruwa da tarin dole ba? Wa za a ba makulli? Idan aka rufe ƙofa, maƙwabcinmu Musulmi da muke gaisawa, da mai unguwa, da 'yan sanda, za su san fuskar fasto, ko sai ranar tashin hankali? A gina katanga, amma kada a yi mata sujada.

Tambayoyin nazari

1. Karanta Ishaya 22:8-11 tare da 2 Tarihi 32:1-8. Ina suka haɗu, ina suka bambanta?
2. Me ya raba aikin Sulemanu da na Nehemiya?
3. Yaya za ka yi wa'azi daga Zabura 127:1 ga ikilisiyar da take tara kuɗin katanga?