Naraguta: Daga Ramin Kuza zuwa Kuɗin Karatu

A farkon ƙarni na 20, Naraguta sansani ne na Turawan haƙar kuza, tun kafin garin Jos ya tsaya da ƙafarsa. Kuzar ta tafi Ingila, 'ya'yan leburorin da suka haƙo ta kuwa ba a ware musu wani asusun karatu daga ribarta ba. Yau a wannan wuri mazaunin dindindin na Jami'ar Jos yake, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971, ta zama mai cin gashin kanta a 1975.

Man fetur ya samu abin da kuza ba ta samu ba: a 1973 aka kafa asusun PTDF, wanda ke ɗaukar nauyin ɗalibai a gida da waje. Shi ya sa nake ganin tallafin karatu a Filato bashi ne da ake bin hukuma. Wasu za su ce rancen NELFUND na 2024 ya wadatar, tunda babu kuɗin ruwa. Ya rage raɗaɗi, gaskiya ne, amma na manyan makarantu ne kaɗai. Ɗan talakan da ya kasa biyan kuɗin jarrabawar WAEC a sakandare ba zai kai ƙofar jami'ar ba, balle ya cike takardar rance.