Daga wasiƙar neman aiki zuwa bayanin manufa

A shekarun 1970, lokacin da masana'antun Sharada da Challawa suka bi sahun na Bompai, matashin Kano ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya sami abin yi. Shaidar makaranta da gajeriyar wasiƙa mai ladabi kan buɗe masa ƙofar masaƙa ko kamfanin fata.

Shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, kayan aiki suka yi tsada. Ƙarancin lantarki da kwararar yadin waje suka ƙarasa sauran. Da masaƙu suka yi ta rufewa, 'ya'yan ma'aikata da dama suka karkata ga karatu mai zurfi, har da digiri na biyu a ƙetare.

Jami'o'in can kuwa wata takarda suke nema: bayanin manufa. Ga wanda ya tashi da jin cewa yabon kai jahilci ne, rubuta ta jidali ne. Amma ba yabo take buƙata ba, sai amsar tambaya uku: wace matsala, wane shiri, me zai biyo baya? Tallafin Chevening na Birtaniya, da aka kafa a 1983, har sharaɗi ya gindaya na komawa gida shekara biyu.

Masu nema da yawa kan tsaya ga alkawarin ciyar da ƙasa gaba. Wanda ya ambaci gurɓataccen ruwan kamfanonin fatar Sharada, da ke bi ta Salanta zuwa Kogin Challawa, ya kuma fayyace binciken da zai yi a kai, shi ne ya amsa tambayoyin.