Kamina: kufan tashar wayar iska ta Jamusawa a Togo

Kamina wani ƙauye ne kusa da garin Atakpame, kimanin kilomita 160 arewa da Lome. A nan ne Jamus ta gina tashar wayar iska mafi girma da ta mallaka a Afirka, lokacin da Togo take ƙarƙashin mulkinta. Kamfanin Telefunken ne ya yi aikin daga 1911 zuwa 1914, a ƙarƙashin injiniya Anton Codelli. An kafa dogayen turakun ƙarfe guda tara, mafi tsawonsu ya kai mita 120, kuma saƙo daga Kamina yana isa tashar Nauen da ke kusa da Berlin, tazarar fiye da kilomita 5,000.

Dalilin gina ta shi ne yawancin wayoyin da ke bin ƙarƙashin teku a wancan zamani suna hannun Ingila, kuma Jamus ta san ranar da yaƙi ya ɓarke za a yanke nata. Haka kuwa aka yi a farkon Agusta 1914. Daga nan sai Kamina ta zama mahaɗa tsakanin Berlin da Kamaru da Afirka ta Kudu maso Yamma, wato Namibiya ta yau, da kuma jiragen ruwan Jamus da ke tekun Atlantika. Cikin makonni ukun farko na yaƙin, saƙo 229 suka bi ta tashar, ciki har da gargaɗi ga jiragen kasuwanci su nemi tashoshin ƙasashen da ba sa cikin yaƙin.

Saboda wannan tasha ne Togo ta zama ɗaya daga cikin fagagen farko na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin Ingila suka shigo daga Gold Coast, Ghana ta yanzu, na Faransa kuma daga Dahomey. Ranar 22 ga Agusta aka gwabza a kogin Chra, wurin da a yau ake kira Wahala, sunan da ba ya bukatar fassara ga mai jin Hausa. A daren 24 ga wata Jamusawa da kansu suka tarwatsa tashar don kada ta faɗa hannun abokan gaba, kuma ranar 26 muƙaddashin gwamna, Manjo von Doering, ya miƙa wuya. Abin da aka shafe shekara uku ana ginawa, 'yan makonni kawai ya yi yana aikin yaƙi.

Mafi yawan waɗanda suka yi wannan faɗa 'yan Afirka ne, a ɓangarorin biyu. Rundunar Gold Coast ta samo asali ne daga 'yan sandan da Turawa ke kira Hausa Constabulary, kuma Hausa ce yaren bariki a cikinta. Wani sojanta, Alhaji Grunshi, shi ake ɗauka a matsayin sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a yaƙin baki ɗaya. Su ma Jamusawa sun ɗebi Hausawa cikin 'yan sandansu na Togo.

Wanda ya je Kamina a yau zai tarar da tubalan siminti da suka riƙe turakun, da ƙarafan da aka ɗaure wayoyi a jikinsu, da ragowar injuna da tsatsa ta ci, a warwatse cikin ciyawa da gonaki. Babu turke ko ɗaya a tsaye. Kufan shaida ne na farkon sadarwa ba tare da waya ba tsakanin nahiyoyi, kuma faɗin filin kaɗai yana nuna girman abin da ake bukata a lokacin don aika 'yan kalmomi zuwa Turai. Shaida ne kuma na aikin tilas, domin mutanen ƙasar aka tara suka share daji suka ɗauki kaya, kuma ba kasafai ake ambatonsu ba idan ana yabon fasahar Telefunken. Wannan ɓangaren ya fi saurin ɓacewa, tunda ba a siminti yake ba, yana bakin jikokin ma'aikatan ne.

Kamina ba ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO. Koutammakou, ƙasar Batammariba a arewa maso gabas, ita kaɗai Togo ke da ita a jerin. Ƙarfen da aka bari a fili kuwa damina tana cinsa kowace shekara, ga noma yana matsowa kusa da tubalan.