Katoɓara da Manufa: Yadda Magoya Baya Suka Saurari 'Yan Takara a Zaɓen 2023

Ranar 15 ga Nuwamba 2022, a Jos, wajen ƙaddamar da yaƙin neman zaɓen jam'iyyar APC, Bola Ahmed Tinubu ya zo rufe jawabinsa da addu'a, sai harshensa ya fara kama sunan PDP kafin ya gyara ya ce APC. Rana ba ta faɗi ba sai da ɗan guntun bidiyon ya karaɗe wayoyin jama'a. 'Yan adawa suka ce ga hujja, mutumin ba shi da lafiyar da zai riƙe ƙasa. Masoyansa suka ce tuntuɓen harshe ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinsa. Wata guda kafin wannan, a Gidan Arewa da ke Kaduna, ɗan takarar PDP, Atiku Abubakar, ya shaida wa taron dattawan Arewa cewa abin da ɗan Arewa yake bukata shi ne ɗan takara daga Arewa wanda ya san sauran sassan ƙasa, ba Bayarabe ko Inyamuri ba. A nan sai aka yi musanyen kujeru. Waɗanda za su nemi a yi wa Tinubu uzuri a Jos su ne suka ce Atiku ya tona asirin zuciyarsa, waɗanda kuma za su yi wa Tinubu dariya su ne suka ce an yanke maganar Atiku daga muhallinta.

Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne, a lokacin yaƙin neman zaɓe, mai goyon baya yakan fara tambayar wa ya faɗa kafin ya tambayi me aka faɗa, kuma wannan ɗabi'a ba ta tsaya kan suɓutar baki ba, ta shafi har manufofin da suke taɓa tukunyar kowane gida. Babbar illarta kuwa ba a wurin da ake hayaniya take ba. Tana wurin da 'yan takara suka yi ittifaƙi, domin nan ne magoya baya suke yin shiru.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1954 Albert Hastorf da Hadley Cantril suka wallafa nazari kan wani wasan ƙwallon Amurka da aka buga a 1951 tsakanin jami'o'in Princeton da Dartmouth, wasan da aka yi ƙeta sosai a cikinsa. Sun nuna wa ɗaliban makarantun biyu fim ɗin wasan, iri ɗaya, suka ce kowa ya ƙirga laifuffukan da ya gani. Ɗaliban Princeton suka ga 'yan Dartmouth sun yi laifi fiye da ninki biyu na abin da ɗaliban Dartmouth suka ga nasu sun yi. Ba ƙarya suke yi ba. Abin da idonsu ya kama ke nan. A 2003 Geoffrey Cohen ya matsa da batun zuwa fagen manufa. Ya ba ɗalibai bayanin tsarin tallafa wa marasa galihu, wani mai sassauci wani mai tsauri, ya kuma gaya musu jam'iyyar da ke goyon bayan kowanne. Masu ra'ayin sassauci suka amince da tsari mai tsauri da zarar an ce jam'iyyarsu ce ta kawo shi, haka su ma 'yan mazan jiya suka karɓi mai sassauci. Da aka tambaye su, sai suka ce ƙunshiyar tsarin ce ta gamsar da su, ba sunan jam'iyya ba. Bahaushe ya riga ya taƙaita rabin wannan da cewa so hana ganin laifi. Ɗaya rabin, wanda nazarin ya ƙara mana, shi ne mai son bai san an hana shi gani ba.

Ya kamata a rarrabe, domin ba kowace katoɓara ce ɗaya da 'yar uwarta ba. Akwai wadda harshe ne kawai ya karkace, kamar ta Jos, ko kalmomin nan marasa ma'ana da Tinubu ya furta a Owerri waɗanda suka zama abin tsokana da sunan “bala-blu”. Akwai wadda ba magana ba ce ma, kamar ranar da abokin takarar Tinubu, Kashim Shettima, ya halarci taron lauyoyi a Legas cikin Agusta 2022 da kwat mai yalwa da takalmin motsa jiki, aka kwana biyu ba a zancen komai sai shigarsa. Akwai kuma wadda ɗan siyasa ya faɗi a fili abin da aka saba faɗa a ɗaki. Maganar Atiku a Kaduna ta wannan aji ce. Haka jawabin Tinubu na Abeokuta a farkon Yuni 2022, inda ya ce da harshen Yarbanci layi ya zo kansa, ya kuma ce ba don shi ba da Muhammadu Buhari bai ci zaɓen 2015 ba. Shugaban APC na lokacin, Abdullahi Adamu, ya kira wannan cin fuska. Amma ba a yi mako guda ba Tinubu ya lashe zaɓen fid da gwani da ƙuri'a 1,271, bayan gwamnonin APC na Arewa sun tsaya kan mulki ya koma Kudu. Da yawa cikin waɗanda suka fusata da jawabin a farkon watan sun koma fassara shi a matsayin jarumta kafin ƙarshensa. Kalmomin ba su canza ba. Matsayin mai su ne ya canza daga mai nema zuwa ɗan takarar jam'iyya.

Wani zai ce ai ba laifi ba ne a damu da tuntuɓen harshen mai neman shugabanci, kuma ina tare da shi. Ƙasar da ta ga jinyar Umaru Musa 'Yar'adua har zuwa rasuwarsa ranar 5 ga Mayu 2010, ta kuma ga Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana ɗari a jere a Landan a 2017, tana da cikakken haƙƙin tambayar lafiyar duk wanda ke neman kujerar. Lokacin da Tinubu ya je Chatham House ranar 5 ga Disamba 2022 ya rarraba tambayoyin da aka yi masa ga 'yan tawagarsa, irin su Nasir El-Rufa'i da Dele Alake, tambayar ta ƙara ƙarfi. Sai dai a duba abin da aka yi da ita. Da damuwa ce ta gaskiya, da an nemi dukkan 'yan takara, har da Atiku da ya haura shekara 75, su gabatar da sakamakon binciken likita mai zaman kansa, an kuma dage a kan haka. Abin da aka samu shi ne dariya daga wannan ɓangare da musu daga wancan. Tambaya mai nauyi ta zama kayan wasa, kuma da ta zama kayan wasa sai kowa ya samu damar kauce mata.

Dalilin da ya sa katoɓara ta fi manufa kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Ba ta bukatar ilimi: wanda bai taɓa ganin kasafin kuɗi ba zai iya yanke hukunci kan bidiyon daƙiƙa goma. Ta kuma dace da kayan aikin da ake da su. Tun kafin Facebook da TikTok, Kano ta san sojojin baka, masu shiga gidajen rediyo da dare a shirye-shirye irin su Kowane Gauta na Freedom Radio su kare ubangida su caccaki abokin hamayyarsa. Sojan baka ba a ɗauke shi don ya yi bayanin harajin kaya ba. An ɗauke shi don ya mayar da martani, kuma martani ya fi daɗi idan akwai abin kunyar da za a jefa. Wayar hannu ta mayar da dubban matasa sojojin baka na sa-kai. Duk da haka, shaidar da ake da ita ba ta nuna cewa wannan hayaniya tana sauya ƙuri'a sosai ba. John Sides da Lynn Vavreck, a littafinsu kan zaɓen Amurka na 2012, sun nuna cewa hatta maganar Mitt Romney ta kashi 47 na Amurkawa da ya ce sun dogara da gwamnati ba ta girgiza ra'ayin masu zaɓe yadda 'yan jarida suka zata ba. Aikin katoɓara shi ne ta ba wanda ya riga ya yanke shawara abin faɗa a majalisa da teburin mai shayi.

Yanzu a juyo ga manufa, inda abin ya fi tayar mini da hankali. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, da wa'adin 31 ga Janairu 2023, wanda daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya tuna abin da ya biyo baya: layi a bakin banki tun asuba, masu POS suna sayar da naira da naira, kasuwannin ƙauye da ba su san tiransifa ba sun tsaya cak, mai akuya ya kai ta kasuwa ya dawo da ita. Gwamnatin APC ce ta kawo tsarin. Amma gwamnonin APC na Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara Kotun Ƙoli, Tinubu da kansa ya ce a wani taron na daban a Abeokuta an ƙirƙiri ƙarancin kuɗi da na mai ne don a yi masa zagon ƙasa, El-Rufa'i kuma ya fito ya ce wa mutanen Kaduna su ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi bayan Buhari ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai ya amince. A ɗaya ɓangaren, Atiku, wanda da farko ya nemi a ɗan ƙara wa'adi, ya dawo ya ce kada a sake ƙarawa, Peter Obi kuma, shi ma ɗan takara, ya roƙi jama'a su yi haƙuri da Babban Banki. Magoya baya suka bi sahu. 'Yan adawar da suka shekara bakwai suna sukar duk abin da Buhari ya taɓa suka zama masu kare shi, saboda sun yi imani tsarin zai hana abokin hamayyarsu sayen ƙuri'a. Matsayin kowa ya fito ne daga lissafin wa abin zai cuta ranar zaɓe. Wahalar mai koko da mai kayan miya ta shiga zancen ne kawai a matsayin hujjar da ɓangare ɗaya ya ga tana da amfani. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, kwana shida bayan an kaɗa ƙuri'a.

Sai kuma tallafin man fetur. A 2022 kamfanin NNPC ya ce ya kashe naira tiriliyan 4.39 a kansa, kasafin 2023 kuma ya ware tiriliyan 3.36 na wata shida kacal, wato an riga an sa ranar mutuwarsa. Tinubu ya ce zai cire shi komai zanga-zangar da za a yi. Atiku ya ce zai cire. Obi ya kira shi aikin gungun ɓarayi, ya ce ba zai bar shi ba. Mutum uku da suka raba ƙuri'a kusan miliyan 22 a tsakaninsu, Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, bakinsu ya zo ɗaya kan matakin da ya fi kowane taɓa rayuwar talaka. Kuma daidai saboda bakinsu ya zo ɗaya, batun ya rasa mai ɗauka. Sojan bakan PDP ba zai jefi Tinubu da shi ba, domin dutsen zai dawo kan ubangidansa. Na APC ma haka. Akwai abin tunawa da ya isa ya haifar da muhawara, domin a Janairun 2012, da Goodluck Jonathan ya cire tallafin lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, Tinubu yana cikin manyan masu suka, kuma Kano da Kaduna da Legas sun cika da masu zanga-zanga har aka sauko da farashin zuwa 97. An ɗan taɓa wannan tarihi, amma don a nuna wane ya yi amai ya lashe, ba don a tambayi abin da ya sauya a lissafin ba.

Tambayoyin da suka kamata ba masu wuya ba ne. A rana ɗaya za a cire ko a hankali? Me za a tanada na sufuri kafin a cire? Kuɗin da aka yi tsiminsu ina za su, kuma wa zai bi sawunsu a hannun gwamnoni? Yaya za a yi da manomin rani da ke ban ruwa da injin fetur a Kadawa ko Haɗeja, da ɗan acaɓa, da mai niƙa? Idan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a lokaci guda, me zai faru da farashin man da a lokacin daga waje ake shigo da shi? A nan ne 'yan takarar uku za su iya bambanta, kuma a nan ne mai zaɓe zai samu abin aunawa. An yi wata biyar ana yaƙin neman zaɓe, daga 28 ga Satumba 2022, kuma a ganina waɗannan tambayoyi ba su samu ko kashi ɗaya cikin goma na lokacin da aka ba takalmin Shettima da “bala-blu” a bakin magoya baya ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023, a Dandalin Eagle, sabon shugaban ƙasa, Tinubu, ya ce tallafi ya tafi. Daga baya, a Faris, ya shaida wa 'yan Najeriya mazauna can cewa jimlar ba ta cikin rubutaccen jawabin da aka shirya masa, a kan mumbari ya yanke shawarar faɗinta. Cikin kwana biyu NNPC ta sauya farashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri, sannan a Yuli ya kai 617 a Abuja. Har a Maraɗi da Damagaram, inda 'yan bumburutu suka daɗe suna sayar da man Najeriya a kwalba, an ji a jika. Magoya bayan Atiku da na Obi suka ce ba haka nasu gwanin zai yi ba, magoya bayan Tinubu suka ce ai kowa ya yi alkawarin haka, kuma babu ɓangaren da ke da cikakken jadawalin da ya tilasta wa ɗan takararsa ya bayyana kafin zaɓe wanda zai ɗaga ya nuna. A farkon Agusta 2024 matasa suka fito kan titunan Kano da Kaduna da wasu biranen suna kukan yunwa, kuma cikin manyan bukatunsu har da a dawo da tallafin mai.