Daga Tsakuwar Magina zuwa Hasken Leza: Tarihin Gyaran Fatar Yumɓu

Manufarmu a wannan takarda ita ce nuna cewa matsalar da injiniyoyi ke fama da ita wajen ƙarfafa tangaran tsohuwa ce a wurin maginan tukwanen ƙasar Dutse. Matsalar kuwa ita ce, abin da aka gasa daga yumɓu yana da tauri, amma ba ya jure tsagewa, kuma fashewarsa kan faro ne daga fatarsa.

Magina kan goge tulu da tsakuwa mai sulɓi kafin ya gama bushewa, su shafa masa jar ƙasa, sannan su gasa. Gugar nan tana danne ƙwayoyin yumɓun saman, ta toshe ƙananan kafofi. Bayanin kimiyya a kan haka ya zo ne a 1921, lokacin da A. A. Griffith na Ingila ya nuna cewa ƙananan tsagogin da ido ba ya gani su ne ke rage ƙarfin gilashi da ire-irensa.

An ƙera leza ta farko a Amurka a 1960. A 1975 kuma Garvie da abokan aikinsa a Ostareliya suka bayyana tangaran na zakoniya, wanda ƙwayoyinsa ke kumbura da kimanin kashi 4 cikin 100 a bakin tsaga, su matse ta. Daga baya aka shiga haska leza a kan tangaran irin wannan da na alumina, domin narkar da fatar ta toshe kafofi, ko a girgiza ta har ta matsu.

Sai dai narkarwar tana da haɗari. Idan fata ta huce da gaggawa alhali cikin bai yi zafi ba, sai ta tsuke, sababbin tsagogi su fito, juriya ta ragu. Magina sun san makamancin wannan, domin tukunyar girki ana cakuɗa yumɓunta da yashi ko garin katanga, a bar jikinta da kafofi don ta jure wuta.

Saboda haka muna ganin bai kamata a raba nazarin tangaran da tarihin wannan sana'a ba. Robobi sun riga sun ƙwace mata kasuwa. Wajibi ne cibiyoyi irin su Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, su tattara hikimomin magina, su auna juriyar tukwanensu, tun tsofaffin sana'ar suna raye.