Yadda Wasan Ƙarshe na Zakarun Turai Ya Bar Laraba Ya Koma Asabar

Duk wanda ya fara shiga gidan kallo bayan 2010 zai ɗauka tun fil'azal ranar Asabar ake buga wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai. Alhali kuwa sama da shekara hamsin wasan ya yi yana tsakiyar mako, galibi daren Laraba. Ranar Laraba Real Madrid ta doke Reims da ci 4 da 3 a Faris a wasan ƙarshe na farko, 13 ga Yunin 1956. Ranar Laraba Ajax ta ɗauki kofin a Biyana a 1995, da Finidi George da Nwankwo Kanu a cikinta. Mayar da wasan Asabar daidai ne a ganina, sai dai dalilin da hukumar UEFA ta fi yayatawa a lokacin shi ne mafi rauni a cikin dalilan, kuma tarihin Larabar kanta yana nuna hakan.

Laraba ragowa ce gasar ta samu, don ta tarar an riga an rabe ƙarshen mako. A Ingila dokar masana'antu ta 1850 ta sa masaƙu suna tashi da ƙarfe biyu na ranar Asabar, ma'aikaci ya fito da ladan makonsa a aljihu ya wuce filin wasa, daga nan ƙarfe uku na Asabar ya zama lokacin ƙwallo. Lahadi kuwa rufe take a can saboda coci, har sai Janairun 1974 aka fara buga wasannin ƙwararru a ranar, kuma ko a lokacin wata tsohuwar doka ta 1780 ta hana karɓar kuɗin shiga, sai ƙungiyoyi suka yi dabarar sayar da takardar jerin 'yan wasa a bakin ƙofa, wanda ya saya shi ke shiga. A Italiya da Sifaniya da Faransa kuma Lahadin ce ranar lig. Ƙungiyoyi da kuɗin ƙofa suke rayuwa, babu wadda za ta bar ranar cinikinta saboda sabuwar gasar da ba a san makomarta ba.

Abin da ya buɗe tsakiyar mako shi ne fitilun fili. A Disambar 1954 Wolverhampton Wanderers ta karɓi Honved ta Hangari, ƙungiyar su Ferenc Puskas, a wasan sada zumunta da dare a filin Molineux, ta ci 3 da 2. Jaridun Ingila suka yi ta kirarin cewa ga zakarun duniya. Wannan cika bakin ne ya harzuƙa Gabriel Hanot na jaridar wasanni ta Faransa, L'Équipe, ya ce a shirya gasa ta gaske a gani. Shawarar tun farko wasan tsakiyar mako ce, wanda ba zai taɓa lig ɗin kowa ba, ga jirgin sama ya fara sauƙaƙa tafiya. Ita ma jaridar tana da nata amfanin a ciki, domin mai buga labarin wasanni kullum yana da abin sayarwa ranar Litinin, amma kasuwarsa takan yi sanyi kafin Alhamis. Wasan ƙarshe sai ya bi sawun sauran zagayen. Ba ma kullum ya tsaya a Laraba ba: Celtic ta doke Inter a Lisbon ranar Alhamis a 1967, kuma a 1974 da Bayern Munich da Atletico Madrid suka tashi kunnen doki a Brussels, ranar Juma'a aka sake karawa.

Tsarin ya yi aiki muddin yawancin 'yan kallo mutanen garin ne. A 1960 fiye da mutum 127,000 suka cika Hampden Park a Glasgow suka ga Real Madrid ta ci Eintracht Frankfurt 7 da 3, kuma mafi yawansu 'yan Sikotilan ne da suka tashi daga aiki suka zo, suka kwana a gidajensu. Bayan da aka sauya wa gasar suna da fasali a 1992, wasan ƙarshe ya zama tafiyayye: dubun-dubatar magoya baya suna tsallaka nahiya, kuɗin talabijin ya rinjayi na ƙofa. Nan Laraba ta fara nuna gazawarta, kuma Mosko ce ta fito da ita fili. A 21 ga Mayun 2008, don a daidaita da ƙarfe tara saura kwata na tsakiyar Turai, sai ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na dare aka busa usur a filin Luzhniki. Manchester United da Chelsea suka tashi 1 da 1, aka yi ƙarin lokaci cikin ruwan sama, John Terry ya zame a bugun fanareti, ba a watse ba sai bayan ƙarfe ɗaya na daren, Alhamis ta riga ta shiga. Mai goyon bayan da ya taso daga Ingila sai ya yi asarar kwanakin aiki biyu ko uku saboda wasa ɗaya.

Kafin daren Mosko ma an riga an yanke hukunci. Michel Platini ya hau shugabancin UEFA a Janairun 2007, kuma a ƙarshen shekarar kwamitin zartarwa ya amince a mayar da wasan Asabar daga 2010. Hujjarsa ita ce yara: daren da za a wayi gari a tafi makaranta ba ya barin iyaye su zo da 'ya'yansu. Barcelona da Manchester United suka rufe zamanin Laraba a Rum a 2009, sannan a 22 ga Mayun 2010 Inter ta José Mourinho ta doke Bayern da ƙwallaye biyu na Diego Milito a Madrid, wasan ƙarshe na farko na ranar Asabar.

Maganar yara tana da daɗin ji, amma rabon tikiti yana ƙaryata ta. A 2022 a Stade de France, cikin kujeru 75,000 kowace ƙungiya 20,000 ta samu, wani kaso aka sayar wa jama'a, ragowar ya tafi ga masu tallafi da hukumomi da manyan baƙi. Ga tsadar jirgi da masauki a garin da kowa ya san za a cika. Mahaifin da Laraba ta hana shi kawo ɗansa, yanzu aljihu ne ke hana shi. Ribar Asabar ta gaskiya tana wani wajen. Garin da ke karɓar wasa yana samun baƙi na kwana biyu ko uku maimakon dare ɗaya. Mai kallo a Amurka ko Barazil, wanda wasan ke riskarsa da rana, yana gida ba ya wurin aiki. Mai kallo a Jakarta ko Beijin, wanda sai tsakar dare yake gani, yana da Lahadi ya rama barci. Hukumar ƙwallon Kudancin Amurka ta ga wannan lissafin, shi ya sa da ta mayar da wasan ƙarshe na Copa Libertadores karo ɗaya a 2019, ranar Asabar ta sa shi a Lima.

Masu kewar Laraba suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa daren Turai wani abu ne na daban, ɗanɗanonsa yana cikin fitowarsa a tsakiyar makon aiki, kuma mamaye Asabar ya sa babbar gasa tana taka ƙanana. Misalinsu 2011: da Wembley za ta karɓi wasan, sai aka jawo wasan ƙarshe na kofin FA, wanda shi ma a can ake bugawa, baya zuwa 14 ga Mayu, ya haɗu da wasannin Firimiya, har Manchester United ta lashe lig a Blackburn sa'o'i kaɗan kafin Yaya Toure ya ci wa Manchester City kofin. Wannan cin fuska ne ga kofin da aka fara tun 1871. Amma illa ce da kalanda ke iya gyarawa. Daren Turai kuma bai tafi ko'ina ba, duk sauran zagayen gasar har kusa da na ƙarshe a tsakiyar mako suke, haka ma wasan ƙarshe na kofin Europa. Masu cewa me ya sa ba Lahadi ba, tunda gasar cin kofin duniya da Super Bowl na Amurkawa a ranar suke ƙarewa, sun manta cewa daren Lahadi Litinin ce ke bayansa, wato matsalar Laraba ce ta dawo da wata riga. Sau ɗaya aka buga a Lahadi tun 2010, a Lisbon a Agustan 2020, lokacin korona, ba ɗan kallo ko ɗaya a fili da zai damu da komawa gida.

Yanzu gardamar ta bar rana ta koma sa'a. A Agustan 2025 UEFA ta sanar cewa daga wasan Budapest na 2026 za a riƙa farawa ƙarfe shida na yamma agogon tsakiyar Turai maimakon tara, don magoya baya su sami jirgin ƙasa da motar komawa, masu kallo a Asiya kuma su rage hira. A Kano da Zinder wannan yana nufin ƙarfe biyar na yamma maimakon takwas na dare. Wasan da a da ake shiga bayan isha'i zai riƙa ƙarewa dab da kiran magariba a ƙarshen Mayu, in kuma aka je ƙarin lokaci da fanareti, mai gidan kallo zai ga bencinansa suna raguwa a daidai lokacin da wasan ya fi zafi.