Irin da Assam Ta Ƙi, Darjeeling Ta Karɓa

'Yan'uwa marubuta, in muka ce "shayin Indiya", shayi biyu muka haɗe.

A 1823 'yan ƙabilar Singpho suka nuna wa Robert Bruce shayin daji a Assam, kwari mai zafi da yawan ruwan sama. Turawa suka raina shi, suka kawo irin ƙasar Sin, amma bai yi albarka ba. Na gidan ne ya kama: ja, mai kauri, madara ba ta danne shi.

A 1841 likita Archibald Campbell ya shuka irin na Sin a Darjeeling, wajen mita 2,000 kan tsaunukan Himalaya. Can sanyi ke hana ganye saurin girma, sai ya tara ƙamshi. Mu kam, zuba masa madara ɓarna ce.